Kashi na Huɗu da Idon Inna

Mu tara ne a ɗakin Inna, kuma ni ce ta biyar, wato wadda ba a tunawa da ita sai an rasa tsintsiya. Amma lokacin ɓarar gyaɗa, in na dawo garinmu Bande hutun lekwal, wato makaranta, ina da muƙamin da ba mai taɓa mini. Inna na mutuwar son fim ɗin tsoro, ga ta da tsoro kamar farar kura. Sai mu jingina salula da ƙwarya bayan la'asar, ta zaunar da ni gwiwa da gwiwa. Aikina ɗaya ne: in ce "Inna, rufe!" kafin dodo ya fito, ta ja mayafi ta rufe fuska har sai na ce ta buɗe.

Akwai wani fim na dodon tsohon gida da muka kalla kashi uku. Na haddace halinsa tsaf. Baƙi su sauka, fitila ta mutu, kiɗa ya yi ƙasa-ƙasa, sai ga shi. Ban taɓa kuskure ba.

Ranar da yayanmu ya zo daga kasuwar Magaria da kashi na huɗu a katin salula, har tsalle na yi. Ya ce in fara kallo ni kaɗai tukuna. Na ce a kan me? Ni da na san dodon nan kamar ɗan unguwarmu!

Aka kunna. Ba tsohon gida, ba baƙi. Rana tsaka, kasuwa cike, mata na cinikin kifi. Ina ta kasa kunne ina jiran kiɗa, har na juya ina yi wa Inna bayani cewa da saura. Kawai wani mai ɗaukar kaya ya waiwayo, fuskar dodon ta cika salular.

Na ƙwalla ƙara, na yi fatali da tiren gyaɗa, kaji suka yo kai. Ƙannena suka watse. Da na tuna da Inna, na ce shi ke nan na kashe ta.

Tana zaune, ido buɗe tar, ta matso da fuska.

"Wai wannan ne? Shekara uku kina hana ni ganin wannan?" Ta kwashe da dariya har da hawaye. "Wayyo, dubi haƙarƙarinsa! Ai wannan yunwa ke cin sa."

Ashe wannan karon mutane ne ke farautar dodon, shi yana gudun ceton rai. Inna ta bi bayansa ɗungurungum. "Bi ta lungu, ɗan nan! Kai, ga su can!" Muka yi ta ihu tare har maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Ban taɓa jin daɗin kallo irin na ranar ba.

Washegari bayan la'asar na share wuri, na shimfiɗa tabarma, na zauna inda na saba. Inna ta fito da mayafinta a kafaɗa, ta ɗauki salular.

"Zan kai wa matan gidan liman su gani," ta ce. "Yi zamanki, 'yar nan, ai yanzu na iya."