Abin da Gwaggo Ta Zuba a Fulas

Gwaggo, yayar mahaifinmu, ba ta iya zama ba. Tun tana budurwa aka laƙaba mata Ba-Zama, sunan ya bi ta gidan miji, ya bi ta har ta yi jikoki. In ta zo gaisuwa, a tsaye take gaisawa, hannu ɗaya a jikin ƙofa. Abinci ma a tsaye take ci, tana ci tana leƙen wani aikin. Akwai kujera guda a falonta da aka ce tata ce, amma kullum kayan wanki ne a kanta.

Mijinta kuwa, wanda kowa ke kira Direba, shekara talatin ya yi a zaune. Motar haya ta dogon zango ya ja, daga safe zuwa yamma ƙafarsa na kan totur. Yakan ce raba aiki suka yi: ita ta tsaya musu su biyu, shi ya zauna musu su biyu.

Sana'ar Gwaggo ciyawar teku ce. Da ruwa ya janye sai ta sauka kan duwatsu da kwando da 'yar wuƙa, ta yanki mai ruwan ƙasa-ƙasa ɗin nan mai santsi, ta bar taƙi guda a gindi don ta sake tsirowa. Sai ta ɗauraye ta sau uku da ruwan famfo, ta shanya a kan raga, ba a ƙasa ba, saboda yashi. Tana juya ta fiye da yadda ake bukata, don hannunta ba ya son zama shi ma. In ta bushe ƙayau, sai ta kai wani ɗan ɗakin gwaje-gwaje da ke ƙarshen titin tashar jiragen ruwa, inda wata mata mai farar riga, da Gwaggo ke kira Malama, take karɓa. Shekara shida tana kaiwa, ba ta taɓa tsayawa ta tambayi abin da ake yi da ita ba.

Shekarar da Direba ya ajiye tuƙi, ƙafarsa ta hagu ta kumbura, ta yi zafi kamar an ɗora mata dutsen guga. A asibiti aka ce jini ne ya daskare a jijiyar sha-raɓarsa, kuma da gudan ya ɓalle ya hau huhu, da sai dai wani labarin. Likita ya rubuta masa 'yar ƙwaya guda kowace yamma, mai tsinka jini, da gwaji kowane wata. Ya ce kada ya ƙara, kada ya rage, kada ya haɗa ta da komai sai ya tambaya. Direba ya ji wannan, 'yarsu Auta, wadda ke ɗinki a kasuwa, ita ma ta ji. Gwaggo ba ta ji ba. Tun daga "da gudan ya ɓalle" ta fice baranda, tana kaiwa tana komowa tsakanin famfo da tagar karɓar magani.

Daga ranar ƙafar Direba ta zama aikinta. Ko shara take yi, idonta na kan ƙafar. Ta duba ta da safe, ta duba ta da rana, ta kwatanta da ta dama. Ƙwayar kuwa ba ta cika mata ido ba. Abu kamar ƙwayar gero, shi ne zai riƙe ƙaton mutum irin Direba?

Wata rana ta kai kaya, ta tarar Malama ta ɗaga 'yan kwalabe biyu sirara tana kallonsu a hasken taga. A ɗaya jini ya kame, ko an karkata ba ya motsi. A ɗayar yana gudu kamar ruwa.

"Malama, jinin wa kika samo da rana tsaka?"

Malama ta yi dariya. "Zo ki ga aikin hannunki, Gwaggo. Wannan da bai kame ba, abin da muka tace daga ciyawarki ne a ciki. Shi muke nazari. A kwalba dai yana hana jini daskarewa, amma..."

Gwaggo ta riga ta sungumi kwandonta. "Amma" ɗin a bakin ƙofa ya same ta, ta ɗauka sallama ce, ta ɗaga hannu ta wuce.

A hanya zuciyarta sai tsalle take yi. Ashe maganin mijinta a hannunta yake tun shekara shida, tana ɗauka tana kai wa wasu. Da yamma ta ɗebi tafi guda na busasshiyar ciyawa, ta tafasa, ta tace da ƙyalle, ta zuba a fulas ɗin shayin Direba, ta cika citta don ta danne ƙarnin. Ba ta gaya masa ba, don ta san halinsa: in ba likita ne ya rubuta ba, ko zuma sai ya yi gardama.

Direba ya kurɓa, ya ɗaga kofi ya sunsuna. "Ke, shayin nan warin tashar jiragen ruwa yake."

"Hancinka ne ya tsufa. Sha."

"Hancin da ke gane man mota mai gauraye tun daga bakin gidan mai?"

"To ga ka ga fulas, ka dafa naka."

Ya sha. Mako na biyu ta mai da tafin biyu, don a ganinta ɗaya bai nuna komai ba.

A mako na huɗu ta fara ganin wasu tabo baƙi-baƙi a damtsensa, irin na wanda aka mintsina. Ya ce ƙila ƙofa ce ta buge shi. Sai buroshin haƙoransa ya fara yin ja. Gwaggo ta gani, amma ta ce wa kanta alama ce jinin yana gudu, kuma gudun ai shi ake nema.

Ranar da abin ya fito fili, da hantsi ne. Tana juya ciyawa a kan raga sai ga mai aski ya riƙo Direba, tawul a manne a haɓarsa, tawul ɗin ya jiƙe ya yi jajir.

"Uwar gida, wallahi ɗan ƙwarzane ne," in ji mai aski. "Shekara ashirin ina masa aski. Na sa alif, na danna, na sake dannawa, ya ƙi tsayawa. Tawul na biyu ke nan."

"Ka dai yanka ni ka huta," in ji Direba ta cikin tawul. "Dama ka gaji da surutuna."

A asibiti aka tsayar da jinin, aka ɗebi wani aka gwada. Likita ya kira su ciki. Auta ta shiga da mahaifinta, Gwaggo ta tsaya a baranda, ƙafafunta sun ƙi yarda su tsallaka ƙofar. Da suka fito Auta ta ba ta labari. Jinin ya tsinke ya wuce yadda ake so. Likita ya zaci Direba yana shan ƙwaya biyu-biyu bisa mantuwa, har Direba ya ji haushi. Ita Auta ta zazzage kwalbar a kan tebur ta ƙirga, ƙwayoyi suka cika cif. Da likita ya rasa dalili, sai ya ce ƙila ƙwayar ce ta yi masa ƙarfi, ya rage ta zuwa rabi.

Suna isa gida Gwaggo ta ɗauki tukunyar da ragowar ruwan, ta tuttular a kwata, ta wanke fulas sau uku kamar yadda take wanke ciyawa. Ta ce a ranta shi ke nan, ta daina, ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai sani.

Kwana uku ta yi a haka. Ta wanke labulen da ba su yi datti ba. Ta sauya wa gado wuri, ta mai da shi inda yake. A rana ta huɗu tana dama sitacin da za ta sa wa rigunan Direba, ta ga ya yi ruwa, ta tsiyaye kaɗan. Aka kira ta a waje. Kafin ta dawo Auta ta leƙo, ita ma ta ga kamar ya yi ruwa, ta ƙara gari. Da Gwaggo ta sa ludayi, sai ya tsaya a tsaye.

Ta daɗe tana kallon kwanon. Likita ya rage nasa, don bai san da nata ba. Ita kuma ta janye nata gaba ɗaya, likita bai sani ba. Abu biyu ne suke tsinka jinin, yanzu saura rabin ɗaya. Ta leƙa falo. Direba na zaune yana sauraron rediyo, hannunsa na kan sha-raɓar hagu yana shafawa.

"Me ya samu ƙafar?"

"Ƙaiƙayi. An hana mutum sosa ƙafarsa kuma?"

Ta yafa mayafi ta fita, ko takalmin kirki ba ta tsaya nema ba. Sai ɗakin gwaje-gwaje.

"Malama, ranar nan kin ce amma. Amma me?"

Malama ta ɗan jima kafin ta tuna. Da Gwaggo ta zayyana mata komai, a tsaye, tana murza bakin mayafi, sai ta cire tabarau ta ajiye.

"Amma a kwalba ne kawai, Gwaggo. Ba mu san awonsa a jikin mutum ba. Ciyawar da kike kawowa ma, ta wannan wata da ta wancan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ban sani ba ko ita ce ta yi wannan, ko ba ita ba. Wanda ke auna masa ƙwaya shi ya kamata ya sani. Ki je yau."

"Zai ce na so kashe shi."

"Wa, likitan?"

"Direba."

Ta same shi inda ta bar shi. Ta kashe rediyon, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta faɗa masa tun daga kwalabe biyu har zuwa kwata, da sauri, kamar mai tsoron maganar za ta tsere mata.

Direba ya shafa filastar da ke haɓarsa.

"Mako nawa?"

"Biyar."

"Mako biyar ina shan teku, kina ce min hancina ya tsufa." Bai yi dariya ba. "A gaban 'yata aka ce na ruɗe, ban san ɗaya da biyu ba. Kina baranda kina jin daɗin iska."

"Ba daɗin iska nake ji ba."

"Na sani." Ya lalubo hularsa. "Miƙo min sandata. Yau kuma ke za ki yi bayani, ni na gaji da rantsuwa."

A ɗakin likita kujera biyu ce a gaban tebur. Direba ya zauna a ɗaya. Gwaggo ta tsaya a bayansa ta fara magana, sai likita ya nuna mata ɗayar.

"Mama, zauna. Maganar tana da tsawo."

Ta kalli kujerar, ta kalli ƙofa. Direba ya jawo kujerar da sandarsa har ta taɓa gwiwarta. Ta zauna a baki-baki, ta ciro ƙullin busasshiyar ciyawa daga jaka ta ajiye a kan tebur.

Likita bai yi mata faɗa ba, ya dai yi ta tambaya: tafi nawa, sau nawa a rana, yaushe ta fara, yaushe ta daina. Ya rubuta. Ya ce ba zai iya rantsuwa cewa ciyawar ce kaɗai ba, amma da ya san da ita, da ba haka ya yanke hukunci ba. Ya tura Direba a sake gwada jinin, a kuma haska ƙafar. Suka jira. Sakamako ya nuna jinin ya soma komawa wajen kauri, amma babu sabon guda a jijiyar. Likita ya gyara awon ƙwayar, ya ce su riƙa zuwa gwaji duk bayan kwana uku har ya daidaita. Sannan ya maimaita abin da ya faɗa tun farko: kada a ƙara, kada a rage, kada a haɗa da komai, ko ganye ne, ko saiwa, ko abin da aka ce na Allah ne ba na bature ba.

Ya rufe fayil. Gwaggo ba ta motsa ba.

"Likita, akwai saura?"

"Babu, Mama."

"Ka tabbata? Babu wani amma?"

"Na gama."

Sai a lokacin ta miƙe, kamar an sake ta daga ɗauri.

Direba ya yi shekara tara bayan wannan, kuma ba jini ne ya yi ajalinsa ba. Har ya bar duniya shi ke haɗa shayinsa da kansa, yana cewa ya fi son na tudu. Gwaggo tana nan, tana sauka kan duwatsu in ruwa ya janye, ko da yake yanzu rabin kwando take iyawa. Kujerarta ta falo har yau kayan wanki ne a kai. Amma a shekarun nan tara, ranar gwaji ba ta taɓa barin Auta ta raka Direba ba. Ita ke shiga, ta zauna a baki-bakin kujera, ba ta tashi sai likita ya rufe fayil.