Ciyayyar Akwatunan Wuta

Shekarun baya kaɗan, a tsakiyar bazara, aka yi wa mahaifiyata aikin ido. Yanar ido ce ta rufe mata idanun duka biyu, har ta kai ba ta bambance jikokinta sai da murya. Maigidana ya je ƙauye ya ɗauko ta, aka fara da na dama, aka rufe shi da auduga da filasta, aka ce mu koma gida sai jibi da safe za a buɗe. Likitan ya dube ni ya ce abu biyu yake roƙona: kada ta murza idon, kada kuma gumi ya gangara ciki. Na ce to. A raina kuwa na ce anya wannan bawan Allah ba baƙo ba ne a Sakkwato? Lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa, shi ne za a ce kada tsohuwa ta yi gumi?

Ga shi kwana huɗu ke nan da taransifomar unguwarmu ta yi bindiga. Abin da muka dogara da shi kawai shi ne akwatin wuta, irin batirin nan mai hannu kamar kular abinci, wanda ake cika shi da caji a jona masa fanka ko fitila. Kullum da asuba maigida kan kai namu shagon wani abokinsa mai sola a bakin titin Gidan Igwai a cika masa. Sai dai namu ƙarami ne kuma ya kwana biyu. Idan aka jona masa fanka da hantsi, da kyar yake kai azahar.

Washegarin aikin ya zo daidai da ranar kasuwar shanu, kuma da ita muke ci, ba halin ya zauna. Kafin ya fita ya tsayar da ni a tsakar gida ya yi mini bayani har sau biyu.

"Ki aro na maƙwabta, nasu babba na. Ki jona cajar namu jikin nasu, hwanka kuma jikin namu. Nasu shi ba namu, namu shi ba hwanka. In kin yi haka suna kai ku magariba. Kada ki ƙara komi, kin jiya?"

Na ce, "Haba Malam, sai ka ce wadda ba ta yi sakandare ba."

Maƙwabciyata zoɓo da kunun aya take sayarwa, kuma da akwatinta take riƙe ɗan firij ɗin sana'arta. Ina leƙawa na faɗa mata, ko ƙarasa magana ban yi ba ta fizge wayar firij. Ita da kanta ta rungumo akwatin da jakar wayoyinsa har ƙofar ɗakin da Inna ke kwance. Na fara cewa zoɓonta fa, ta ce, "Zoɓo shi sha zahi yau. Ido ya hi zoɓo."

Na haɗa yadda aka ce. Fanka ta ɗauka, Inna ta yi hamdala ta gyara kwanciya. Da na tashi na kama aikina da shi ke nan, ba ku da labarin da za ku karanta yau. Amma sai na jawo kujera 'yar tsugune na zauna ina kallon ɗan gilashin da ke goshin akwatin mutane, inda lamba ke nuna sauran wutar da ke ciki. Ya zo da ɗari cif. Ina kallo ya koma casa'in. Na je na ɗora tukunya na dawo, tamanin da ɗoriya. Duk lamba ɗaya da ta sauka sai in ji kamar ludayi nake sawa a tukunyar matar nan ina kwasa.

Inna ba ta gani, amma kunnenta ko allura ta faɗi sai ta ji.

"Ke ɗiyar ga, lahiya kike ta ajiyar zuciya?"

"Inna, wutar mutane ce ke raguwa."

"In ta ƙare hwa?"

"Sai in maida mata akwatinta."

"Ba komi ciki?"

Ta yunƙura za ta tashi zaune, na yi maza na riƙe ta.

"Tun da kike, kin taɓa ganin na maida kwanon ciyayya wayam? Ko gero na, a zuba tahi guda. Ko albasa biyu. Mace ta ɗauke ma sana'atta wuta ta kawo maki, ke kuma ki lashe ki miƙa mata hwanko? Ba a gidana kika koyi wanga ba."

Wallahi abin da ke cin raina ke nan, ita dai ta faɗe shi ne da baki. Na jawo jakar maƙwabciyata, sai ga cajar akwatinta a ciki. Na juya ta, na dubi namu, na ga akwai ramin soket ɗaya da ba kowa. Tunanin ya zo mini a sauƙaƙe kamar an raɗa mini: tun da nasu yana ba namu, me zai hana namu ya riƙa mayar wa nasu? Na yi bisimilla na jona.

Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Gilashin namu ya nuna wuta na shiga. Gilashin nasu ma ya nuna wuta na shiga. Kowa na ci, kowa na bayarwa, ga fanka na ta juyi abinta. Na tsaya riƙe da baki. Na faɗa wa Inna, ta ce, "To ka ji. Zumunci ai ba shi rage komi."

Ana haka sai ga ƙanwar maigidana ta zo dubiya da kwanon fura. Tsakanina da ita ba a gaisawa sai an taɓa juna da tsiya. Ta gaida Inna, ta ga wayoyi a ƙasa, ta ce, "Matar yaya, gyaran rediyo kika koma?"

Na nuna mata gilasan biyu. Ta durƙusa ta duba wannan, ta duba wancan, ta ɗago.

"Kina nuhin ba su ƙarewa?"

"Ina za su ƙare? Abin da ya hita nan, can ya shiga. Abin da ya hita can, nan ya dawo."

"La ilaha illallahu! Shekara nawa muna shan zahi, ashe injiniya na gidan yayana tana tuƙa tuwo!"

Ko mayafi ba ta gyara ba ta koma gida ta ɗauko nata ɗan akwatin, don kada a yi arziki babu ita. Muka warware muka sake ɗauri: na maƙwabta ya ba namu, namu ya ba nata, nata ya mayar wa na maƙwabta. Zobe sosai. Kuma tun da wuta ta zama ruwan rijiya, sai na ga rashin kirki ne zoɓon mutane ya zauna cikin zafi. Na je na matsa wa maƙwabciyata, tana cewa a bari ina cewa sam, har muka ciccibo firij ɗin mu biyu muka jona shi. Ƙanwar maigida ta sa wayarta caji. Ni ma na sa tawa. Maganar "kada ki ƙara komi" kuwa na ajiye ta a kan cewa Malam ya faɗe ta ne kafin a gano wannan ilimi.

Ba wai alamu ba su zo ba. Cajojin nan uku suka yi zafi har ba a iya riƙe su. Akwatunan suka dinga huci kamar ragunan da aka koro daga kara. Lambobin kuma, maimakon su tsaya, sai suka kama gangara su uku tare, har sun fi na ɗazu sauri. Maƙwabciyata ta ce, "Anya kuwa? Nawa ya koma arba'in hwa." Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na dube ta da fuskar masana na ce wutar tana kan hanya ne, tana zagaye, shi ya sa ba ta samu ta zauna an ƙirga ta ba. Har da cewa mun yi wannan a aji huɗu. Gaskiyar magana, abin da na riƙe na ajin kimiyya shi ne kujerata tana kusa da taga.

Ina sujadar raka'a ta uku ta azahar na ji ɗan ƙaramin ya yi ƙara, tit, tit, tit. Kafin in yi tahiya namu ya amsa masa. Ina sallamewa na juyo, na tarar da fanka tana juyin ƙarshe a hankali, kamar mai neman gafara. Gilasai uku duk sun yi baƙi. Ƙarfe biyu da 'yan mintoci, rana tana tsakiyar kwanon ɗaki, maigida kuma sai magariba.

Nan dariya ta ƙare. Ɗakin ya ɗauki zafi nan da nan, na dubi Inna na ga gumi ya fara tsattsafowa a goshinta, ɗigo ɗaya ya kamo hanya, saura kaɗan ya kai bakin filasta. Na sa gefen zanena na tare shi. Matar nan shekara uku ba ta ga fuskar kowa ba, an samu an yi aiki, ni kuma zan lalata shi da hannuna saboda kunyar akwati. Na fara Hasbunallahu a fili, hawaye na zuba.

Maƙwabciyata ce ta daka mini tsawa. "Kuka na hana gumi? Tashi ki jiƙo zane!"

Na jiƙo zannuwa biyu muka rataya a taga da ƙofa. Ta aika hannu ta kan katanga aka miƙo mata mafici. Ƙanwar maigida ta yage kwalin taliya. Muka raba aiki: ɗaya na fifita, ɗaya na share goshi da tsumma mai sanyi, ɗaya na riƙe da hannun Inna, don da gyangyaɗi ya ɗauke ta sai hannun ya nufi idon. In kafaɗar mai fifita ta gaji sai a juya. Haka muka yi sallar la'asar ɗaya bayan ɗaya. Ƙanwar maigida tana fifita tana cewa, "Injiniya, wanga zoben dai ya hi naki aiki." Inna kuwa ta sha zoɓon da ya rage da ɗan sanyinsa, ta ce ita iskar hannu ma ta fi yi mata daɗi, ta fanka tana busar mata da maƙogwaro.

Gab da magariba muka ji sallamar maigida. Shi ba ya shiga ɗakin da surukarsa take, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta. To a bakin ƙofar ne kuma akwatunan suke, ga firij, ga wayoyi sun nannaɗe kamar kayan cikin sa. Na ga yana bin waya ɗaya da ido, daga nan zuwa can, daga can zuwa can, har ta dawo da shi inda ya faro. Ya sake bi. Jijiyar goshinsa ta tashi.

"Wa yay yi wanga aiki?"

Kafin in buɗe baki, daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Ni nis sa ta. Na ce ba a maida kwanon mutane wayam. Ko an yi ɓarna?"

Bawan Allah ya sulale ya durƙusa. Ya cire hula ya mayar. Ya dubi wayoyin, ya dube ni, ya dubi labule.

"A'a Inna, ɓarnar mi? Ai... dabara ta. Dabara ta mai kyau ƙwarai."

Ƙanwarsa ta cusa mayafi a baki ta fita da gudu, muna jiyo ta a bayan ɗaki tana shiɗewa da dariya.

Sai da ya ja ni gindin randa ya yi mini nawa karatun, murya ƙasa-ƙasa don kada a ji. Ya ce in ɗauka ina ɗibar ruwa daga wannan randa zuwa waccan da ƙwarya mai yoyo, in sake kwasowa in mayar, in yi ta yi tun hantsi. Ruwa nawa zai rage? Ya ce zafin nan da na ji a cajoji, wutar ce ke zubewa. Ya ce in gode wa Allah da abin ya tsaya a mutuwar akwati, bai kai ga gobara ba. Daga nan ya tari Keke mai ƙafa uku ya loda su duka uku ya tafi wurin mai sola.

Da safe likita ya ɗaye filastar ina tsaye ina karanto duk abin da na haddace. Ya haska, ya duba, ya ce ido ya yi kyau, an kula da shi yadda ya kamata. Inna ta ƙyafta, ta ƙyafta, ta juyo ta ƙare mini kallo, abin da ta fara cewa shi ne, "Ashe kin yi ƙiba haka?" Na rungume ta ina kuka ina dariya.

Na daɗe ina juya abin a raina. Da na je ba maƙwabciyata haƙuri, cewa ta yi, "Ni na ba ki shi ne ki cinye. Da kin kawo min shi wayam da na san ya yi amfani." Maganar ta zauna mini. Ni mutum ce da ba ta iya riƙe alherin wani ko na yini ɗaya, sai in ji yana ƙona mini hannu, ina neman yadda zan mayar tun bai huce ba. Ranar na ga inda wannan hali ya kusa kai ni. Har yau ina fama da shi, amma yanzu idan aka yi mini abu nakan iya cewa na gode, Allah Ya saka, in yi shiru in bar shi ya yi aikin da aka kawo shi yi.

Inna dai ba wanda ya taɓa gaya mata gaskiya. Ta koma ƙauye tana ba da labarin yadda surukinta, mutumin birni, ya yaba da dabararta. Da shekara ta zagayo aka zo yin idon hagu, tun a mota ta ce masa in an ɗauke wuta a haɗa akwatunan nan irin haɗinta na bara. Ya ce, "In sha Allahu, Inna." Da safe da zai fita kasuwa na ga aljihun rigarsa ya yi tudu. Cajar maƙwabta ce da ta ƙanwarsa, ya tafi da su kara suka yini tare da shanu.