Shirun Allon Malam Ubaidullah

Malam Ubaidullah mutumin Sabiyal ne, amma a Aliero ya tsufa. Shi ne mai buga tafireta na wata ƙungiyar manoman albasa tun kafin a yanko Kebbi daga Sakkwato. Ciwon baya ya raba shi da noma, kujerar nan da ita yake ci da iyali.

Da ƙungiya ta samu kwamfuta, shugabanta Alhaji Ɗantsoho ya faɗa masa ido da ido: in ya tayar da ita kafin la'asar ranar taro, kujera tasa ce. In ya kasa, a ɗauko wani daga Birnin Kebbi.

Khairiyya, ɗiyar wansa wadda ke koyarwa a Jega, ita ta rubuta umarnin da na'urar za ta bi. Ta haɗa masa da faya-fayen kwamfaila, wato abin da ke juya rubutun mutum ya koma yaren na'ura. Babu hoto, baƙin allo ne kawai, ka rubuta masa ya amsa.

Ranar taro tun hantsi ya yi bisimilla ya zauna. Zuba faya-fayen ya ci rabin yini, wuta ta ɗauke, a tayar da janareto, a koma farko. Da ya kira kwamfaila, sai ta zubo masa ƙorafi layi-layi, wai ba ta ga inda ya ajiye kayanta ba. Ya gyara, ta sake wani. Bai damu ba, ai mai ƙorafi bai bar ciniki ba.

Bayan azahar ya sake kira. Allon ya yi jim, ya dawo da ɗan ɗigo mai ƙiftawa, mai jiran a rubuta. Ko kalma.

Shi kuwa bawan Allah a kasuwar albasa ya girma, inda ba a ɗaga buhu sai an ce an sallama, an sa albarka. Wanda ya yi maka shiru ya fasa ke nan. Ya zuba wa allon ido har wuyansa ya ƙage, sannan ya goge komai ya koma faifan farko.

Yana tsakiyar zubawa aka kira la'asar, Alhaji ya leƙo.

"Malam, har yanzu?"

"Ta ƙiya, Alhaji. Ɗazu ko magana ta bar yi min."

"To, sai haƙuri. Mun gode."

Ranar kasuwar Jega ya ba Khairiyya labari. Ta dafe kai.

"Wayyo Baffa! Shirun nan ai gamawa ce! In aiki ya yi daidai ba ta cewa komi. Sunan aikin kawai za ka rubuta ya tashi."

Ya daɗe yana murza gemu.

"Wanga wane irin abu na, ɗiyata? A gama aiki ba a ce an gama ba?"

Ya ce haka Allah ya nufa, ya miƙe da ƙyar, ya tafi neman wansa ya ji ko rumfarsa ta kasuwa na da gurbin mai tsince albasa.