Alfarmar da na roƙa wa abokina a Small Heath

Shekarun baya, lokacin da gwamnatin Ingila ta shiga tsuke bakin aljihu, council, wato ƙananan hukumomi, na ta rufe laburare da wuraren wasan yara, ni ina unguwar Old Trafford a Manchester ina fama da sana'ata ta motoci. Ina sayen na hannu a gwanjo, in gyara, in loda su a jirgin ruwa zuwa gida. A nan haraji ya ƙaru. A can gida kuma mota sai ta yi wata biyu a tashar jirgi tana jiran sa hannun wani da bai zo ofis ba. Duk inda na juya, gwamnati ce tsaye tsakanina da cinikina.

Ana cikin haka ƙanena ya turo mini bidiyon wani mutum da ya fito takarar shugaban ƙasa a gida, a wata ƙaramar jam'iyya da ban taɓa jin sunanta ba. Turawa na ce wa irinsa libertarian, wato mai ra'ayin gwamnati ta tsame hannunta daga harkar mutane, ta tsare rai da dukiya kawai, ta bar kowa ya nemi abincinsa. Ya ce a rage kuɗin kwastan, a buɗe iyakoki, a daina sa ɗan kasuwa yawon neman takarda. Na ji kamar a garejina ya kwana. Na kashe bidiyon na ce na sami ɗan takara.

Mun san ba ma jefa ƙuri'a daga nan. Amma duk wanda ke waje yana da mutum goma ko ashirin a gida da ke jin maganarsa in ya buga waya. Da wannan lissafin na fara tara mutane: ɗalibai 'yan jami'a, masu tuƙin tasi, da wasu iyalai 'yan Jos da Kafanchan da nake sayar wa motoci. Ba wanda ya ba mu ko sisi. Ni na buga huluna da riguna, matata ke dafa shayi ranar Lahadi. Abu ɗaya ya rage mana, shugaba. Ni ciniki na iya, ban iya tsayawa in yi jawabi da Turancin littafi ba.

Sai na tuna da abokina. Yana zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Withington da matarsa da 'ya'ya uku, yana digiri na uku kan ƙasar noma, saura masa shekara guda. Tun kafin ya gama muke ce masa Dokta. Wata hukumar gwamnati mai raba wa manoma taki ce ta turo shi, ita ke biyan makaranta da haya. Da na kai masa maganar sai ya ce shi fa ma'aikacin gwamnati ne, doka ta hana shi siyasa a fili. Na yi dariya. Na ce wa zai kula da ƙaramar jam'iyya a Manchester? Na kuma kawo masa lissafi irin namu: mutumin ba lalle ya ci ba, amma irin waɗannan sukan janye wa babban ɗan takara a ba su minista, ranar nan kuwa za a nemi masu ilimi da aka fara tafiyar da su. Ya yarda, amma na san don yana jin nauyina ne.

Bayan 'yan watanni aka ce ɗan takarar zai zo Ingila, kuma mutanenmu na Birmingham sun kama zaure a Small Heath, a saman wani shagon kujeru. Na ɗauki hayar babbar mota ta kwashi mutanena, na fito da motoci uku mafi kyau a garejina don tarbarsa a tashar jirgin ƙasa, na kuma ɗauki mai kyamara ya naɗi komai a sa a intanet. Muna tsaye muna duban inda tawaga za ta ɓullo, sai ga wani siririn dattijo da jaka a baya ya taɓa kafaɗata ya yi sallama. Shi kaɗai ne. Ya shiga mota ɗaya, biyun suka biyo mu ba kowa a ciki sai direbobi. Tun a nan ya kamata jikina ya ba ni.

Bayan azahar zaure ya cika. Aka zaunar da abokina a hannun daman ɗan takarar, da hularmu mai hotonsa a ka. Abokina ya yi jawabin maraba mai kyau, bai faɗi komai da zai ja masa magana ba, na lura har sunan wurin aikinsa bai ambata ba. Ɗan takarar ya yi magana kan kwastan da iyakoki, aka yi ta tafi. Da aka zo tambayoyi, sai na miƙe in yi abin da na ga ana yi tun ina yaro. In babban mutum ya zo, kakan nuna masa naka a gaban jama'a, don kada ya manta, kuma don ya ji kunyar mantawa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni ba tambaya gare ni ba, alfarma nake roƙo. Ga shugabanmu nan kusa da kai. Babban ma'aikaci ne a hukumar taki, shekara goma sha biyu yana ciki. In Allah ya ba ka, ka tuna da shi.”

Na san amsar da ake bayarwa, kowa ma ya sani. Ai insha Allahu, ai ba za mu manta ba. Amma dattijon nan sai fuskarsa ta washe kamar na ba shi kyauta. Ya juya ya kama hannun abokina ya ɗaga sama, ya fuskanci kyamara.

Ya ce, “Wannan hukumar ita zan fara rufewa a makon farko. Taki ba ya kai wa manomi, a hanya yake ɓacewa. Ga mutum daga cikin gidan, ya ga komai da idonsa, ya fito ya tsaya tare da mu. Irin wannan jarumtar ƙasarmu ke bukata.”

Wasu suka fara tafi, suka ga sauran ba su yi ba, suka tsaya. Abokina yana zaune hannunsa a sama, bai iya fizgewa ba, bai iya murmushi ba, ni kawai yake kallo. Ɗan takarar kuwa ya ci gaba. Tallafin mai zai tafi, kujerun Hajji na gwamnati za su tafi, tura ɗalibai waje da kuɗin jama'a shi ma zai tafi. Rabin mutanen da ke zauren da wannan kuɗin suka zo Ingila. Wata nas 'yar Jos da ke kusa da ni ta sunkuyo ta ce, “Alhaji, ai duk yana cikin bidiyon da ka tura mana. Ba ka kalla har ƙarshe ba ne?” Ban kalla ba. Inda ya gama maganar kwastan, nan na tsaya.

Da aka tashi, mutane suka ɗan dakata a bakin ƙofa kamar yadda aka saba, ko za a sallame su da na mota. Sai ya ciro wani ɗan bokitin roba daga jakarsa ya ce kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, tafiyar ta jama'a ce. Wani direban tasi ya leƙa cikin bokitin, ya dube ni, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin ɗan takara mai karɓa ba.

Na ruga wurin mai kyamara in ce ya yanke wurin, ashe ba shi kaɗai ya ɗauka ba. Wayoyi nawa ne a zauren. Kafin mu iso Manchester magoya bayan mutumin a gida sun sa guntun a intanet, da sunan abokina da muƙaminsa, wai babban jami'i ya tona asiri. Kafin mako biyu takarda ta iso daga hukumar: ya bayyana dalilin da ya sa ba za a hukunta shi ba. Ya rubuta bayani shafi huɗu cewa bai furta kalma ɗaya a kan wurin aikinsa ba, kuma gaskiya ne. Amsar da ta dawo layi uku ce. An dakatar da tallafin karatunsa, ya koma bakin aiki cikin wata guda.

Na buga wa ɗan takarar waya na gaya masa abin da ya faru. Ya nuna damuwa sosai, ya ce zai rubuta maƙala a jarida ya yabi abokina. Na roƙe shi don girman Allah kada ya sake ambaton sunansa. Na ce ko zai fito ya ce kuskure aka yi? Ya ce ai abin da ya faɗa game da takin gaskiya ne, ba zai janye gaskiya ba. Na je wa abokina da tayin in ɗauki nauyin shekarar da ta rage. Ya ce ba kuɗin ba ne kawai, in bai koma ba aikin ma ya tafi, kuma gida biyu ke ci daga albashin nan.

Ni na kai su filin jirgi. 'Yarsa ƙarama tana ta tambayar uwarta da Turancinta na Manchester ko za su dawo kafin a koma makaranta. Da muka sauke kaya na riƙe hannunsa na ce, “Dokta, ka yafe ni.”

Ya ce, “Na yafe, Alhaji, ni ma da ƙafata na je. Amma ka daina ce mini Dokta. Ban kai ba.”

An tura shi wani sito a ƙauye, ya yi shekaru a can kafin a manta da maganar. Digirin bai ƙarasa shi ba. Ɗan takarar bai janye wa kowa ba, bai kuma zo ko kusa da cin zaɓen ba. Har yau muna gaisawa da abokina duk sallah, kuma bai taɓa tayar da zancen ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Ban ga laifin dattijon nan ba. Har gobe ina tare da shi a maganar kwastan. Bai yaudari kowa ba, abin da ya ce zai yi shi yake nufi, ni ne ban taɓa haɗuwa da ɗan siyasa irin haka ba, na yi masa ciniki irin na sauran. Ni da ba na sayen mota sai na buɗe inji na kwanta a ƙarƙashinta, na sayi ɗan takara daga jin ƙarar ƙahonsa. Da abincina na sa a cinikin, da tuni na manta, na sha yin asara. Na wani na sa, wanda ya gaya mini tun farko yana tsoro, na yi masa dariya. Yanzu in mutum ya ce mini yana jin tsoron abu, nakan yi shiru in ji dalili.