Robar Sitiyarin Motar Baba

Motar babanmu tsohuwar ƙirar nan ce da ake kira kat-san-kat, fara a da, kuma ta girme ni da shekara biyu. Ranar da aka bugo waya daga Gidimuni cewa jikin Gwaggo, yayar Baba, ya yi tsanani, a ranar ce motar ta ga dama ta daina jin magana. In ka murɗa sitiyari dama, sai ta yi shawara tukuna.

Na ce mu je tasha mu shiga motar haya. Baba ya ce a'a. Ƙanena ya ce zai aro motar wurin aikinsu, mai sanyi. Baba ya ce a'a. Bai ba da dalili ba, shi dama tun yana aikin gwamnati ba ya ba da dalili. Raina ya ɓaci ƙwarai, don Gwaggo ta yi shekara uku da makancewa, hankalinta ma yana tafiya yana dawowa, kuma babu wanda ya ce mana za ta jira a gyara mota.

Makanikenmu, wani tsoho mara son magana, ya shiga ƙarƙashinta ya fito da abin a hannu. Faifan roba ne da bai kai tafin hannu ba, da huda huɗu. Shi ke haɗa sandar sitiyari da ƙarfen da ke juya tayoyi. Ya tsattsage kamar busasshiyar waina.

"Filekto ne," in ji shi. "Wannan piyes ɗin, wanda ya ƙera shi ma ya rasu."

Kwana biyu ina yawo da robar a aljihu. Duk shagon da na shiga a Damagaram sai a ce akwai, sannan a tambaye ni ta mene ce. Wurin da ake farfasa tsofaffin motoci suka ce da na zo shekara goma baya. Wani ya rantse akwai irin motar a Hamdara. Na hau babur na je, na same ta kuwa, kaji na ƙwai a kujerar baya. Da muka kwance tata robar, sai na ga ashe tamu sabuwa ce.

A rana ta uku makanike ya ja ni bayan kasuwa, wurin wani dattijo mai yanka takalma daga tsohuwar taya. Dattijon bai tambayi sunan mota ba. Ya ɗora robar a kan guntun tayar babbar mota, ya kewaye ta da ƙusa kamar yadda yake wa ƙafar mutum.

"Mai ita yana da nauyi?" ya ce.

Na ce ba laifi.

Ya zaɓi wajen da zare ya fi yawa, ya yanka, ya huda da ƙarfe mai zafi. Da ya gama sai ya miƙo mini guda biyu, ɗaure da igiya.

"Dattijo, ɗaya nake so," na ce.

"Ni tun da na koyi sana'a ban taɓa yanka ƙafa ɗaya ba."

Na karɓa. Da aka ɗaura ta a motar, babanmu ya sunkuya ya daɗe yana leƙe, ko da yake idonsa ba ya gani sosai.

"Orijinal ce?"

"Alhaji, da hannu aka yi ta," in ji makanike.

Baba ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta.

Ni na tuƙa, shi yana gefe da hularsa ta zuwa biki. Muka wuce Mirriya motar na bin umarni kamar ba ita ba. Har lokacin ina fushi da shi. Da dabinon Gidimuni da tafkin garin suka bayyana, sai ya ce in mun tsaya ƙofar gida kada in kashe ta. Na ce mai fa? Ya ce ya ji.

'Yar Gwaggo ta tarye mu a zaure, idonta jawur. Ta ce tun shekaranjiya tsohuwar ba ta gane kowa, ita ma da sunan wata take kiranta. Ta roƙi Baba kada ya sa abin a ransa in ta yi masa haka.

Muka shiga. Kafin mu yi sallama, Gwaggo tana ta ƙoƙarin tashi zaune, tana lalube gefen gado.

"Motar ƙanena ce," ta ce. "Ku shimfiɗa masa tabarma. Bai ci komai ba, na san halinsa."

Baba ya durƙusa ya kama hannunta.

"Yaya, ni ne."

"Na sani mana. Ai tun daga bakin tafki na ji ka."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na fita na zauna cikin motar. Duk sa'ad da ƙararta ta yi ƙasa, sai in ɗan taka totur don a ji daga ɗaki. Haka na yi har la'asar.