Mai Tiyo da Autarsa

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ba ciyawar filin golf ruwa, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Baba Mai Tiyo. Bai taɓa buga ƙwallon ba. Shi dai da sassafe zai ja tiyonsa daga rami zuwa rami, ya durƙusa ya shafa ciyawar kamar mai taɓa goshin yaro ko akwai zazzaɓi. Masu wasa sama suke kallo, shi ƙasa.

Autarsa ta tashi tana bin sa ba takalmi. A lallausan dandalin da ke kewaye da kowane rami yakan saki ruwa ya ce, "Duba inda yake gudu. Nan ma ƙwallo za ta bi, ido ne kawai yake ƙarya." Da wata tsohuwar sanda da aka yar a bayan sito ta fara bugu. Tana shekara goma sha bakwai kofunan gasar 'yan sha'awa suka cika saman kabad, har uwarta ta mai da ɗaya mazubin allura da maɓallai.

Amma kofi ba sana'a ba ne. Sau biyu ta shiga gasar da ake tace masu zama ƙwararru, sau biyu tana faɗuwa. Uwar ta ce, "Auta, wannan ne na uku kuma na ƙarshe. In ba a dace ba, ga keken ɗinki can yana jiran ki." Ta amsa da to, ta kuma san uwarta ba ta magana biyu.

A wani gari aka yi gasar, filin da ba ta taɓa takawa ba. Baba ya ce zai je.

"Kai da ko ƙidayar bugu ba ka iya ba?" in ji matarsa. "Kar dai ka je kana cire wa mutane haki."

A mota Auta ta ja masa kunne. "Baba, doka ta hana in nemi shawarar 'yan kallo. In alƙali ya ga kamar kana yi mini alama, bugu biyu zai iya ƙara mini, ga shi mai ƙarancin bugu ne yake ci. Ko tari kar ka yi."

"Ni da tarin nawa ma?"

"Haɗiye shi."

Rana ta huɗu, rami na ƙarshe. Ƙwallonta ta tsaya taku shida daga rami. In ta faɗa da bugu ɗaya, ta shiga sahun ƙwararru. In ta kauce, sai keken ɗinki.

Ga duk mai ido, dandalin hagu ya karkata. Baba kuwa yana bayan igiyar 'yan kallo, ya hango abin da ba wanda ya lura: a dama da ramin ciyawar ta fi duhu, ta fi kauri. Can ruwa yake kwana. Ta dama ƙwallon za ta gangara.

Maganar ta taso masa har maƙogwaro. Hannunsa na dama ya fara ɗagawa da kansa, ya cafke shi da na hagu. Ya ga kan Auta zai juyo wajensa, ya kuma san fuskarsa ba ta iya ɓoye komai. Sai ya juya wa 'yarsa baya, ya zuba wa wata bishiya ido.

Ya ji takunta tana zagaya dandalin a hankali. Ya ji shiru mai tsawo, har da kukan wani tsuntsu can nesa. Ya ji ƙas, sanda ta taɓa ƙwallo. Sannan wannan ƙaramar ƙara mai zurfi ta ƙwallo a gindin rami, wadda shekara talatin da ɗaya yake jin ta wasu. Kafin jama'a su ɓarke da tafi ya riga ya zauna a ƙasa.

Ta zo ta same shi a haka, ta durƙusa. "Baba, ka juya mini baya?"

"Kin ga duhun?"

"Na gani. Ƙafata ma ta faɗa mini."

Ya share ido da gefen hularsa, ya shafa ciyawar da ke ƙarƙashinsa. "Ruwa ya yi musu yawa. Wa ke kula da nan?"

Washegari uwar ta kwashe allura da maɓallai daga cikin kofin, ta goge shi tas. Baba kuwa ya ja tiyonsa ya nufi rami na farko, yana tarinsa son rai.