Amyar da Ta Rage

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona da awaki da amyoyin zuma rataye a itatuwan kwarin Tarka. Gona da awaki suka zauna a hannun yayana, don shi ne babba, ni kuma ina ƙarƙashinsa a gandu. Zuma kuwa aka bar mini ba gardama, saboda yayana ko gindin itacen ba ya zuwa. Harbi ɗaya ya taɓa sha a fatar ido tun muna yara, bai sake ba. Amma in aka kawo zuma gida, yatsansa ne ke fara shiga.

Shekarar da nake faɗa, Nasara sun riga sun zauna daram a Damargu, ana ɗibar mutane aikin bariki. Damina ta yi gardama, ruwa ya ɗauke da wuri, daji bai yi fure ba. Kafin a gama kai hatsi rumbu ƙudan zuma sun fara gudu. Sai in hau itace in ƙwanƙwasa amya in ji ta fayau. Haka suka yi ta tafiya har saura amya guda, a kan wani babban gawo. Mahaifinmu ne ya rataya ta da hannunsa, kuma daga gare ta nake sa ran sake cika sauran in ruwa ya dawo.

Wanda bai yi kiwon zuma ba yana tsammani ɗari ne ke kashe su. Ƙarshen ɗari ne abin tsoro. Furen gawo ya ƙare, bazara na tafe, babu abin da za su ci a daji sai an yi ruwa. Abin da suka tara a saƙa shi ne abincinsu, shi ya sa duk mai zuma ya sani ba a buɗe amya a wannan lokaci, ko da wa zai ci. Aikinka kawai ka liƙe tsaguwa da kashin shanu, ka sabunta zanar da ke kare ta daga rana, ka zuba toka a gindin itace saboda tururuwa, ka ajiye musu ruwa a kasko da guntayen kara a ciki don kada su nitse.

Matata ce ke taimakona da abincinsu. Takan daka busasshiyar magarya ta tankaɗe garin, ta yayyafa ruwa, ta danna shi cikin ƙananan ramuka da ta haƙa a bayan ɗaki, ta rufe da rairayi ta hura wuta a sama. In ya gasu sai ya fito dunƙule, ja, mai zaƙi-zaƙi. Akuri ke nan. A gidajen masu zuma na farkon da aka tono ba na mutane ba ne, ana marmasa shi a ruwa a kai gindin itace. Yayana in ya ga muna haka sai ya ce mun mai da ƙwari surukai.

Ana cikin haka baƙo ya sauka, wani bafatake daga Damagaram mai sayen fatu. Mutumin kirki ne, ban taɓa ganin laifinsa ba. Ya kawo wa yayana tsarabar garin alkama a ƙaramar jaka, abin da mu sai mu shekara ba mu gani ba. Matata ta iya gurasa, a wurin mahaifiyarta ta koya, tana da tsohuwar tukunya da ta binne a ƙasa ta zama tanderu. Yayana kuwa mutum ne da yabo ke bugarwa. Abin da yake so a duniya shi ne a je birni a ce an ci abu kaza a gidansa.

Muna zaune a zaure bayan la'asar ya ce wa baƙo, "Gobe za ka ci gurasa da zumar da babu irinta a Damagaram. Ƙanena na da ita."

Baƙo ya yi godiya. Ni kuma na sunkuyar da kai, don ba a ƙaryata babba a gaban baƙo. Da muka keɓe na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Guda ta rage, kuma abin da ke ciki ko su ba zai kai su damina ba. Akwai akuri, akwai dabinon Abzin a ɗakin matata. A ba shi su."

Ya ce, "Mutum ya taso tun daga birni in aje mishi abincin 'yan kiwo? Na riga na faɗa a gabanshi."

"Sai ka ce mishi ba lokacinta ba ne. Ai zai gane."

"To, na ji," in ji shi.

Na ɗauka maganar ta ƙare. Da asuba na kora awaki rijiya, don ranar ni ke da ban ruwa, rijiyarmu kuwa tana da nisa da zurfi. Ashe yana jiran in juya baya ne. Ya kira wani mutum mai saran itace, wanda bai san zuma ba sai a baki, ya ce ya hau gawon tun sanyi bai saki ƙudan zuman ba. Mu da busasshen kashin shanu muke yin hayaƙi, a hankali, su ja baya. Shi kuwa dami ya yi na ciyawa ya kunna ya cusa a bakin amyar. Ya yanke saƙa duka, da mai zuma da mai 'ya'ya, bai bar ko tafin hannu ba. Matata kuma aka aika mata cewa na yarda.

Da hantsi na dawo na ji ƙamshin gurasa tun daga ƙofar gida. Na sami matata a bakin tanderu tana liƙa ƙullu, ta ɗago ta ce, "Maigida, ashe ka canza shawara?" Ni kuwa na riga na hango ɓawon saƙa a gefen turmi, baƙi ƙirin, ga fararen 'ya'yan zuma a matse a ciki.

Na nufi zaure. Baƙo na zaune da faifan gurasa a gabansa, ga ƙwaryar zuma a gefe, ƙonannun fukafukai na yawo a kanta. Bai ma taɓa ta ba, da man shanu yake cin gurasarsa. Yayana yana ta tura masa ƙwaryar yana cewa ya ɗanɗana. Ban yi sallama ba. Na sunkuya na ɗauke ƙwaryar daga gabansu na fita. Na ji yayana yana kirana, ban waiwaya ba.

A gindin gawo ƙasa ta yi baƙi da gawarwakinsu. Amyar na reto da igiya ɗaya, bakinta a ƙone. Waɗanda suka tsira sun dunƙule a wani reshe, ba su fi cikin ludayi ba. Na ajiye musu ƙwaryar na zauna. Sun sauko sun sha, abinsu ne ai. Amma uwarsu ta ƙone, kuma zuma ba sa zama babu uwa. Kafin a kwana biyu reshen ya zama wayam.

Garinmu kuwa ya ɗauki magana. Ba wanda ya ce an buɗe amya a ƙarshen ɗari, abin da ko yaron mai zuma ya san haramun ne a sana'a. Ba wanda ya ce an yi wa matar aure ƙarya da sunan mijinta. Abin da kowa ke faɗa, daga rijiya har kasuwar Gangara, shi ne wane ya fizge abinci daga gaban baƙo. Har yanzu in na tuna sai abin ya ci mini rai, ga shi gemuna duk ya yi fari.

Baffanmu ya tara mu a zaurensa, da liman da dattawan unguwa. Na buɗe baki zan yi bayanin zuma, ya ɗaga mini hannu.

"Ba maganar ƙwari ta tara mu ba," in ji shi. "Ka kunyata gidan ubanka. Durƙusa ka ba yayanka haƙuri."

Na durƙusa, don ban isa in ƙi ba. Yayana ya gyara zaman rawaninsa, ya dubi dattawa ɗaya bayan ɗaya don su shaida irin haƙurinsa, sannan ya ɗora hannu a kafaɗata.

"Ba komai," ya ce. "Na yafe maka."